Kowace Rana Ban da Alhamis

Sallama gare ku, mutanen arziki. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce ko an ɗaura ne na manta da ku. Ba a ɗaura ba. Kwana da kwanaki ina ɗaukar waya ina ajiyewa, don abin da zan ba ku yau ba irin wanda mutum yake so a ji daga bakinsa ba ne.

Wanda bai san ni ba, sunana Ummuhani, 'yar Alhaji Ɗanmalam mai atamfa a babbar kasuwar Garwa. Shekarata ashirin da shida, na karanta shari'a a Ngaundere, ina aiki a wani ofishin lauyoyi da ke bayan kotu. Akwai kuma Jibril. Za mu zo kansa, ku bar ni in fara da ofis, don a can abin ya tsiro.

Ofishinmu tsoho ne. Maître Youssouf, wato Lauya Youssouf, ya buɗe shi tun ba a haife ni ba, kuma duk tsawon shekarun nan tsarinsa guda ɗaya ne, wato Papa Alphonse. Ba zolaya nake ba. Dattijo ne mutumin Yagwa, dogo har yana sunkuya wa fanka, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu da biro uku a aljihu. Dosiyoyi, wato takardun shari'ar mutane, a jibge suke daga ƙasa har silin, an ɗaure su da robar keke, ba lamba ba suna. Amma ka ce masa, "Papa, ƙarar mai shanun nan na Meiganga," sai ya lumshe ido, ya miƙa hannu, ya zaro maka ita.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da shi sati uku. A cikin satin nan ranar ɗaukaka wata ƙara ta wuce ba wanda ya sani, domin ranar tana cikin kansa, shi kuma yana gadon asibiti. Wani bawan Allah ya rasa haƙƙinsa haka kawai. Bayan nan Maître Youssouf ya ce ya gaji, ya damƙa ofis a hannun Maître Simone da ta zo daga Duwala.

'Yar firit ce, gashinta a aske, gilashinta na rataye a wuya da sarƙa. Ba ta ɗaga murya, amma in ta ce "bon" kowa sai ya gyara zama. Watanta biyar yanzu. Ta sa an kafa kantoci, kowace dosiye ta samu lamba, an shigar da komai cikin kwamfuta, ranakun kotu suna tunatar da mutum da kansu. Kowa da lambar sirrinsa, in ka buɗe dosiye na'urar ta rubuta sunanka da lokacin. Sannan duk Litinin a zauna taro, a karanta sunayen sababbin ƙararraki, wanda yake da alaƙa da wani a ciki ya faɗa a cire hannunsa. Ni ta ɗora wa koya wa mutane duk wannan, wai na iya kwamfuta, kuma ina jin Faransanci da Fulatanci da Hausa, zan iya lallashin kowa da harshensa.

Lallashi? Hmm. Suna suka sa mini, Madam Doka. In na shigo ɗakin sakatarori hira ta mutu. Shayin safe da ake ajiye mini aka daina. Papa Alphonse ne kaɗai bai juya mini baya ba, shi da abin ya fi taɓawa. Da yatsa ɗaya yake danna na'urar, yana cije leɓe.

"Ma fille," haka yake kirana, wato 'yata, "in wuta ta ɗauke, ina wannan abin yake kai dosiyoyina?"

"Suna nan, Papa, ba inda za su."

"Kin gan su da idonki?"

Sai in yi dariya, shi ko a fuska.

To ranar Litinin ɗin da nake ba ku labari, na isa ofis bakwai da rabi, ɗan moto ya sauke ni zufa ta riga ta jiƙa mini bayan riga, kun san zafin Garwa a watan huɗu. Na tarar da sababbin dosiyoyi uku a kan teburina, aikina ne in shigar da su kafin taro. Ta farko, ta biyu. Na buɗe ta uku ina kurɓar ruwa.

Hajja Rahamatu, matar marigayi wane, tana ƙarar Alhaji Iliyasu mai siminti.

Na ajiye ruwan. Alhaji Iliyasu mahaifin Jibril ne. Jibril ɗin da muka yi shekara biyu tare, wanda gidanmu ya san da shi, wanda Inna ta fara sayen kwanuka saboda shi.

Da na rufe a nan da na tsira. Amma ido ya riga ya sauka. Matar tana cewa sabon siton da Alhaji yake ginawa ya shiga filinta na gado da taku da yawa, takardunta tsofaffi ne, babbar shaidarta turakun simintin iyaka guda uku da mijinta ya sa aka kafa, suna nan a bayan ginin. A ƙasa Maître ta rubuta da jan biro cewa wisiye zai je ya gani. Wisiye shi ne ma'aikacin da doka ta ba ikon ya je wuri ya duba da idonsa ya rubuta, kotu kuma ta karɓi rubutunsa. Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Ta ja layi biyu ƙarƙashin kalmar sirri.

Na rufe dosiyen kamar ta ƙona ni. Amma Alhamis ta riga ta shiga kaina ta zauna.

A taro Maître ta ɗora gilashi ta karanta sunaye. Da ta zo na uku ta ce, "Akwai mai alaƙa?" Aka yi shiru. Wallahi zuciyata ta ce mini, ki yi shiru ke ma, wa ya sani? Ba a kawo goro ba, ba a sa rana ba, a takarda ke da shi ba komai. Amma ni na tsaya a gaban mutanen nan wata biyar ina cewa wanda ya ɓoye alaƙa ya ci amanar ofis. Na ɗaga hannu.

"Ɗan wanda ake ƙara… yana neman aurena."

Wata sakatariya ta ce "iyye!" ta rufe baki da gyale. Maître ko gira ba ta ɗaga ba.

"Na gode, Madmazel. Kin karanta dosiyen?"

"Na buɗe ta da safe kafin in san ta waye. Na ga shafin farko."

"Har da ranar?"

"Har da ranar, Maître."

Ta dube ni ta saman gilashi, na ji kamar an ɗaga fatar goshina ana leƙa ciki. "Bon. Daga yanzu lambarki ba za ta buɗe ta ba. Monsieur Alphonse zai riƙe ta. Abin da kika gani kuma ya tsaya a nan." Ta nuna kanta da biro.

Na koma gida la'asar sakaliya, na tarar da takalman Goggo Iyatu a ƙofar falon Inna. Goggo Iyatu ƙanwar Baba ce, ita ce ta shiga ta fita tsakanin gidanmu da gidan su Jibril, don ita da mahaifiyarsa ƙawaye ne tun suna 'yan mata. Mace ce mai jiki, mai son leshi ruwan goro da awarwaro masu ƙara, kuma ba abin da yake wucewa ta gaban idonta bai bar sawu ba. Suna zaune a tabarma, fanka na juyawa a banza, ga jug ɗin folere, wato zoɓo, da ƙanƙara ta narke a ciki.

"Ga amarya, ga amarya!" Goggo ta rangaɗa guɗa 'yar ƙarama. "Zauna ki sha albishir. Kawunansa za su zo neman aure. An tsayar da rana."

Inna tana murmushi tana kallon ƙasa, irin kunyar 'yar fari. Na durƙusa na gaishe su, na ce, "Yaushe, Goggo?"

"Alhamis, da hantsi."

Masu karatu, ku sa kanku a matsayina. Na hango kawunan Jibril zaune a zauren Baba da manyan riguna, ana ta addu'a, a daidai lokacin da mutumin ofishinmu yake tsaye a bayan sitonsu da takarda da na'urar hoto. Na hango wayoyinsu suna ƙara ɗaya bayan ɗaya. Na hango su suna miƙewa suna kaɗe riguna. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ya riga ni.

"A'a, Goggo, don Allah kada a sa Alhamis. Kowace rana, ban da Alhamis."

Inna ta ɗago. "Ke kuma me ya haɗa ki da ranar? Maza ne za su zauna a zaure, ke ko ganinki ba za a yi ba."

"Aiki ne, Inna. Ranar… akwai aiki da yawa."

"Aikin ofis ne zai tsara mana ranar neman aure? Wannan aiki naki ya fara isata, Ummu. Tun da matar nan ta zo ba kya cin abinci, ba kya barci, yanzu kuma har…"

"Bar ta," in ji Goggo. Ta daɗe tana kallona, tana juya awarwaronta. "Juma'a bayan masallaci ma rana ce mai albarka. Zan gaya musu."

Har na ji sanyi a raina. Har godiya na yi mata, ku ji fa.

Bayan magariba saƙon Jibril ya shigo.

"An ce gimbiya ta ɗaga mu zuwa Juma'a. Laifin me Alhamis ta yi?"

Na rubuta, na goge, na rubuta. Daga ƙarshe na tura: "Ba komai, Yallaɓai. Juma'a ta fi kyau."

"To shi ke nan. Kin ci abinci? In aiko miki da kifin bakin gada?"

Shi fa haka yake. Ba shi da hayaniya, shi ne mai kula da kayan sito da direbobin mahaifinsa, in ya zo zance rabin hirar tambaya ce, kin gaji, kin ci, wa ya ɓata miki rai. Na kifa wayar a kan filo na ce Allah ka kai mu Juma'a lafiya.

Talata da Laraba ban san yadda suka wuce ba. In wayata ta yi ƙara gabana ya faɗi. In Maître ta wuce ta gefen teburina sai in ji kamar an rubuta Alhamis a goshina. Ranar Laraba Hajja Rahamatu ta zo da kanta, 'yar tsohuwa siririya da farin mayafi da ya sha wanki, ta cire silifas a bakin ƙofa duk da an ce ta shigo da su. Ta gaishe ni da Fulatanci, ta ce Allah ya yi mini albarka, wai ta ji ni ce na gyara ofis takarda ba ta ɓata yanzu. Na amsa da ƙyar na shige banɗaki na wanke fuska.

Alhamis ƙarfe tara da rabi wisiye ya shigo ofis, hularsa a hannu. Bai zauna ba. Ƙofar Maître a buɗe take, duk muka ji.

"Maître, babu turaku. An tone su, an zuba sabon kankare a wurin, ko bushewa bai gama ba. Jiya aka yi aikin nan, in ya yi nisa shekaranjiya."

Ban ɗaga kai ba amma na ji idanu a bayan wuyana. Can Maître ta kira sunana. Na tashi na shiga.

"Ke kaɗai kika iya fitar da jerin waɗanda suka buɗe dosiye. Fito mini da na wannan."

Na zauna a gaban na'urarta na danna, takarda ta fito da ɗuminta. Sunana sau ɗaya, Litinin da safe. Sunan Maître sau biyu. Sai Papa Alphonse, sau goma sha ɗaya cikin kwana uku, har da Talata bayan an tashi daga aiki.

Aka kira shi. Ya tsaya a gaban teburin hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta, dattijon da ya girme ta da shekara ashirin.

"Monsieur Alphonse, me kake nema a dosiye ɗaya sau goma sha ɗaya?"

"Ranar nake dubawa, Maître."

"Ranar tana canzawa ne?"

"Ban sani ba ko tana canzawa. Wuta ta ɗauke sau uku ranar Talata. Duk dawowarta sai in duba ko ranar tana nan. Na taɓa rasa rana sau ɗaya, Maître, ba na so in sake."

"An ce mini ranar Talata da yamma an gan ka a layin masu siminti."

"Ƙanena yana gini, kwano na je tambaya masa."

Ta cire gilashin ta sake shi ya faɗa kan ƙirjinta. "Tun da na zo kake gaya wa kowa wannan tsari ba zai yi aiki a Garwa ba. Ban ce kai ne ba. Amma takarda ce a gabana. Ka je gida, gobe ƙarfe tara mu zauna."

Ya juya ya fita, bai kalle ni ba. Takardar da na fitar da hannuna tana kan tebur. Na ce a raina, Papa ba zai yi haka ba, to wa ya yi? Wallahi har lokacin ban kawo kaina ba. Ni ai ban gaya wa kowa komai ba.

Da na isa gida tsakar gidanmu ta cika da ƙamshin man gyaɗa. An kafa murhu biyu, ana tuyar cincin da dubulan na baƙin gobe, Inna ta ɗaura zani a ƙirji tana ba da umarni. Tela ya aiko da ɗinkina, atamfa shuɗiya mai ganyen zinariya da Baba ya zaɓa da kansa, an shimfiɗa ta a kan gadona. Ina tsaye ina kallonta Goggo Iyatu ta shigo ta turo ƙofa, tana fifita da gefen mayafi.

"'Yar albarka," ta ce a hankali, tana dariya. "Ashe karatun nan bai tafi a banza ba. Kin iya magana ba tare da kin buɗe baki ba."

"Wace magana, Goggo?"

"Ke dai bari. Duk unguwa an san tsohuwar nan ofishinku ta kai ƙara. Da kika ce ban da Alhamis, fuskarki kamar an watsa miki toka, na ce to, akwai abin da ke tafe ranar. Washegari da sassafe na je wajen mahaifiyar Jibril na ce ta gaya wa Alhaji Iliyasu ya kintsa kafin Alhamis. Shi kuma ba yaro ba ne." Ta dafa kafaɗata. "Yau ya aiko a ce miki ya ga hankalinki. Kin shiga gidan nan da ƙafar dama, Ummu."

Na zauna a bakin gado, a kan atamfar.

"Goggo, ni ban aike ki ba."

"Wa ya ce kin aike ni? Shi ne daɗin abin ai."

"Filin marayu ne fa, Goggo. Kuma yanzu haka wani dattijo za a kora a kan wannan."

Fuskarta ta canza. "Wane dattijo? Ɗan'uwanki ne? Ki kama bakinki. Gobe mutane za su zo gidan ubanki, in kika ɓata wannan abu ba ke kaɗai za ki ji kunya ba. Shekara ashirin da shida, sa'o'inki da 'ya'ya uku uku. Tashi daga kan kayan nan kada ki yamutsa su."

Ta fita. Na ji muryarta a tsakar gida tana cewa a rage wuta dubulan zai ƙone.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi lissafin yin shiru. Na'urar ta wanke ni, sunana sau ɗaya ne, kuma na faɗi alaƙata a gaban kowa. Papa ya kusa ritaya dama. Har na ce wa kaina wataƙila gargaɗi kawai za a yi masa. Na kai loma biyu na tuwo na ture kwano, Inna ta ce zumuɗin gobe ne.

Juma'a na riga kowa zuwa ofis, ban da mutum ɗaya. Papa Alphonse yana durƙushe a gaban tsohon teburinsa yana zuba kayansa a kwali: kofin shayinsa, hoton jikokinsa, wata tsohuwar rigar ruwa. Bai jira ƙarfe tara ba.

"Papa, me kake yi?"

"Gara in fita da ƙafata, ma fille." Ya ci gaba da shiryawa. "Jiya na zauna ina ta tunani. Na san ban faɗa ba. Amma sai na ce, Alphonse, ka tsufa, ko ka faɗa a wajen masu siminti ba ka sani ba? Har na fara yarda."

Nan ne abin ya karye mini. Na ce ya ajiye kwalin, na wuce kai tsaye ofishin Maître, ko ƙwanƙwasawa ban yi ba. Tana tsaye tana rataye baƙar rigarta ta kotu. Na faɗa mata komai, daga jug ɗin folere har dafa kafaɗa. Ina haɗa Faransanci da Hausa ban sani ba.

Ta bar ni na gama. "Me kika ce musu daidai?"

"Na ce kowace rana ban da Alhamis."

"To kin faɗa."

"Na faɗa, Maître."

Ta zauna. Ta daɗe tana murza tsakanin idanunta. "Na tambaye ki ko kin ga ranar, kika ce e. Ya kamata a take in canza ta, ban canza ba. Kuma bai kamata a ba ki dosiye ki shigar kafin a karanta sunaye ba. Daga Litinin sunaye ne farko, sannan a taɓa takarda. Wannan nawa ne." Ta ɗago. "Naki kuma naki ne. Za ki zauna a gida sati biyu. Hajja Rahamatu za ta zo gobe, zan gaya mata gaskiya, don haƙƙinta ne ta sani. In ta ce ba ta yarda da ofishin da kike ciki ba, ban san abin da zan yi da ke ba."

"Shari'arta fa, Maître?"

"Ba turaku, ba hoto. Sai mun nemi masu awon ƙasa, su kuma su ƙalubalanta, a yi ta jan abu shekara da shekaru. Matar ta haura saba'in." Ta miƙe. "Kira mini Monsieur Alphonse. A gabanki zan ba shi haƙuri."

Ta ba shi, a tsaye, da cikakken sunansa. Ni kuma na durƙusa har ƙasa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya dai ciro kofinsa daga kwali ya mayar kan tebur, ya ce, "Tashi, ma fille, ƙasan nan da datti."

A kan moto ina komawa gida na tura wa Jibril saƙo, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen baya.

"Ka san abin da aka yi a bayan sitonku?"

Bai amsa ba sai da aka sauko daga masallaci. Lokacin Inna ta tilasta mini na sa shuɗiyar atamfar, an ɗaura mini kallabi, an turara ɗakina, wai ko da matan gidansu za su leƙo. Ina zaune kamar gunki wayar ta yi motsi.

"Na sani. Ni aka sa na tsaya kan leburori ranar Laraba. Alhaji ya ce gyaran magudanar ruwa ne. Sai jiya na gane."

"Ta bakina maganar ta fita. An dakatar da ni."

Yana rubutu, ya daina, yana rubutu.

"Ummu, duk aikin da za a yi a sito sai na ɗauki hoto kafin a fara, don Alhaji ya ga abin da aka yi. Turakun uku suna cikin wayata, da kwanan wata a jiki."

Na miƙe tsaye ban sani ba. Wani saƙon ya biyo.

"In hotunan nan suka fita, ya san ni ne. Ba zai yafe mini ba, maganar aurenmu kuma kin san inda za ta kwana. Ki ce in turo ko in goge. Abin da kika ce shi zan yi."

A waje na ji motoci sun tsaya, ƙofofi suna rufuwa, sallama da muryoyin manya, Baba yana cewa bismillah ku shigo daga ciki. Goggo ta leƙo ta labule fuskarta na ƙyalli, ta ce sun iso, su biyar, har da limamin unguwarsu.

Na dubi wayar. Ina son mutumin nan, jama'a, ban taɓa ɓoye muku ba. Kalma ɗaya ce, goge, a yi addu'a a zaure a raba goro. Na rubuta:

"Ba ni za ka turo wa ba, an cire hannuna daga dosiyen. Kuma ba ni zan zaɓa maka ba, mahaifinka ne. Ga lambar Maître Simone."

Na tura lambar. Alamar ta nuna ya karanta.

Minti goma, ashirin, arba'in. Ana ta shiga da farantai zaure, ina jin dariyar maza sama sama, wani yana yabon asalin gidanmu tun daga kakanmu da ya zo daga Kano. Na kira Jibril sau biyu, wayar tana shiga ba a ɗauka. Na ce shi ke nan, ya goge, kuma wa zai ga laifinsa? Zufa ta lalata hodar da aka shafa mini.

Sai saƙo ya shigo. Ba daga shi ba, daga Maître.

"Madmazel, akwai wani saurayi a ƙofar ofishina da rigar Juma'a. Ya ce sunansa Jibril Iliyasu, ya ce ba zai turo komai ta waya ba, da bakinsa zai ba da shaida. Kin san shi?"

Na zame na zauna a ƙasa, bayana jingine da gado. Hawaye suna ɗiga kan allon wayar ina sharewa da gefen kallabi, na rubuta: "Shi ne wanda ake nema mini aurensa a zaurenmu yanzu haka. Ki saurare shi, Maître."

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Na dai ji liman ya fara gyaran murya zai buɗe addu'a, sai wayar wani ta yi ƙara a zaure. Aka ɗauka. Muryar babban kawun Jibril ce, na san ta, yana cewa, "Na'am, Alhaji… e, muna ciki… me ka ce?"

Na san Alhaji Iliyasu ne, labarin inda Jibril ya je ya kai masa. Sannan na ji takun Baba a tsakar gida, ya wuce murhu, ya wuce Inna, ya tsaya a ƙofar ɗakina. Rabon da ya tako ƙofar nan tun ina 'yar firamare.

"Ummuhani," ya ce ta bayan labule. "Sa mayafinki ki fito."